Ƙoƙo na Goma Sha Ɗaya na Inna Tamba

Duk wanda ya ce muku Inna Tamba ta yafe wa Alhaji Ɗankure kafin ta rasu, ƙarya yake yi. Na ji maganar tana yawo daga Argungu har ta iso mu nan Birnin Kebbi, wai tsohuwa ta yi sanyi a ƙarshen kwananta ta ce komai ya wuce. Ni na yi jinyarta, ni na rufe mata ido. Ba ta yafe ba, kuma ba ta ce wani ya yafe a madadinta ba. Gara in faɗi yadda aka yi tun masu gyaran labari ba su gama wanke mutumin nan tas ba.

Inna Tamba yayar mahaifiyata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Gulma aka haife ta, a gidan da ake noman shinkafa da damina, da rani a ɗauki homa a shiga gulbi kamun kifi. Aka kawo ta Argungu gidan Malam Labbo, malamin zaure marar hayaniya, wanda duk dukiyarsa ba ta wuce buzu da 'yan littattafai da gona guda a bakin gulbin Rima ba. Ta haifi shida, biyar suka koma tun suna goye, Allah ya bar mata Kalilu.

Sana'arta gumi. Ta sayi shanshera, shinkafar da ba a raba ta da ɓawonta ba, ta jiƙa, ta turara a rabin duro, ta shanya a tsakar gida, ta kai a casa, ta ɗora a mota zuwa kasuwar Birnin Kebbi. Gajeruwa ce, baƙa, hannayenta duk tabon wuta, zanenta ko an wanke sai ka ji ƙaurin hayaƙi. Ba ta da yawan magana, ba ta da yawan dariya, kuma ba ta mantuwa. Akwai matar da ta taɓa aron duronta ta dawo da shi da huda ba ta faɗa ba. Har matar nan ta yi jikoki, in Inna ta gan ta sai ta ce, "Ina kwana, mai huda?"

Da Malam Labbo ya rasu, gona ta koma hannun Kalilu, ita kuma Inna ta riƙe wani tulu da ke ƙarƙashin gadonsa. 'Ya'yan tsamiya ne a ciki, sun yi baƙi sun yi santsi saboda shan hannu, guda dubu huɗu da ɗari huɗu da arba'in da huɗu. Da su Malam yake ƙirga Salatun Nariya, wadda ake karantawa wannan adadi idan mutum ya shiga ƙuncin da ya fi ƙarfinsa. Akan tara mutane, a raba musu 'ya'yan tsamiyar a ƙoƙuna, kowa ya karanta ƙafa ɗaya ya fitar da ƙwaya ɗaya, har ƙoƙonsa ya ƙare. Ƙa'idar Malam uku ce. A zama ɗaya za a gama. Ba a magana sai kowa ya gama. Kuma rabon kowa daidai da na ɗan'uwansa, ba mai ɗaukar ko ƙwaya ɗaya fiye da wani, ba mai taya wani. Na ji malaman da suka ce wannan ta ukun ba dole ba ce. Shi dai haka ya karɓa daga malaminsa, haka Inna ta riƙe, kuma ba a canza wa Inna abin da ta riƙe.

To, wannan ƙa'ida ta uku ita ce wahalar, domin lambar nan tana da taurin kai. Tun ina sakandare na taɓa zama na bi ta filla-filla, don ta ba ni haushi. Huɗu ce sau huɗu a jere, ko daga dama ka karanta ko daga hagu abu ɗaya ne. Cika ce ba mara ba, sai ka ɗauka mai sauƙin hali ce. Ka raba ta biyu, ta yarda. Ka sake rabawa biyu, ta yarda, ta bar ka da dubu ɗaya da ɗari ɗaya da goma sha ɗaya. Daga nan ta dage. Uku ba ta shiga cikinta, biyar ba ta shiga, haka shida da bakwai da takwas da tara da goma, kowacce sai ta bar saura. Sai ka kai goma sha ɗaya sannan ta sake buɗe maka ƙofa, ta kai ka ga ɗari da ɗaya. Ɗari da ɗaya kuwa cikin lambobin nan take da ba su rabuwa da kowa sai da ɗaya da kansu. Ke nan duk girmanta, huɗu ce sau goma sha ɗaya sau ɗari da ɗaya, ba ƙari. In mutane za su raba ta daidai, sai su zama biyu, ko huɗu, ko goma sha ɗaya, ko ashirin da biyu, ko arba'in da huɗu. Daga nan sai an tara taron da ya haura ɗari. Mutum huɗu yini za su yi ba su gama ba, arba'in da huɗu kuwa sai gidan mai hali. Shi ya sa goma sha ɗaya aka saba, kowa ɗari huɗu da huɗu. Inna ba ta san alƙalami ba, amma wannan ta san shi kamar yadda ta san nunar gumi.

Shekara biyu bayan sojoji sun sauke farar hula, lokacin komai namu sai an je Sakkwato, injinan ban-ruwa suka fara shigowa fadama. Kalilu yana da mata da jariri, yana noman albasa da jigo kamar yadda ubansa ya yi. A bayan gonarsa akwai ta Alhaji Ɗankure, dillalin albasa mai loda motoci zuwa Kudu, mai gidan siminti a Birnin Kebbi. Gonar Alhaji babba ce amma ba ta taɓa ruwa, ta Kalilu ce tsakaninta da gulbi. Da ya sayo inji, Kalilu ya bar shi ya ratsa tiyo ta cikin albasarsa, kyauta, don zumunci. Bayan kaka ɗaya Alhaji ya ce a sayar masa da gonar. Kalilu ya ce ta ubansa ce. Ya sake aikowa, Kalilu ya sake faɗin haka.

Sai inji ya ɓace.

Ranar kasuwa yaran Alhaji suka kama Kalilu, suka ɗaure shi ta baya, suka rataya masa guntun tiyo a wuya, suka zuba masa toka a ka, suka zaga da shi kasuwar Argungu rumfa rumfa. Mutanen da suka yi karatu a zauren ubansa suna tsaye suna kallo. Wasu har da jifa da ruɓaɓɓiyar albasa. Ba namiji ɗaya da ya buɗe baki ya ce a tsaya a bincika, ko ɗaya, domin duk wanda ke wurin Alhaji ne ke sayen albasarsa. Aka kai shi gaban shari'a, aka kawo shaidu biyu da ba wanda ya taɓa ganinsu a fadamar, suka rantse sun gan shi da injin a bisa jaki. Aka ɗaure Kalilu, aka ce gonar ta zauna hannun Alhaji a madadin injinsa. Kun ji dalilin ɓatan inji.

Inna ta ce in raka ta wurin Alhaji. Muka same shi a zaurensa na Birnin Kebbi, da 'yan koren da ba su da aiki sai dariyar abin da ya faɗa. Matar da ban taɓa ganin ta durƙusa wa kowa ba sai Allah, ta zube gwiwa biyu.

"Alhaji, ka dubi Allah, ka dubi ƙabarin Malam. Kalilu bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ka riƙe gonar in ita kake so, ka hiddo man da ɗana."

Ya toshe hanci da bakin rawani. "Tsohuwa, matsa baya kaɗan, kina cika man zaure da ƙauri."

Zaure ya ɗauki dariya.

"Ke kika haihi ɓarawo, ni ina ruwana? In kina da hujja, ga hanyar Sakkwato nan, ki tahi ki kai ƙara."

Inna ta tashi, ta kaɗe gwiwoyinta, ta ce, "Na ji, Alhaji." Muka shiga mota muka koma Argungu. Sai a bakin ƙofar gida ta juyo.

"Safiyatu, kin riƙe abin da yac ce?"

"Na riƙe, Inna."

"To ki aje man shi. Zan tambaye ki."

Wata da watanni ba abin da ya motsa. Inna tana gumi, tana kai wa Kalilu abinci gidan yari, tana dawowa tana gumi. Matarsa ta koma gidansu da jariri. Alhaji ya sayo sabon inji ya kafa a bakin gulbi, a daidai inda jigon Malam Labbo yake, jigon kuma aka yi itacen girki da shi.

Ana nan wata rana ina Argungu, sai ga Nana, abokiyar sana'ar Inna tun suna amare, mace mai bakin da ba ya hutawa. Ta kwance bakin gyalenta, ta miƙa wa Inna shanshera cike da tafi.

"Tamba, ke da kike cika baki da hanci, sansana wagga."

Inna ta sansana. "Fetur."

"Da baƙin mai. Buhu uku, dut haka. Sai da nij jiƙa su sau biyu, har yanzu duro na wari. Kin san dai shanshera ba ta shan warin abu sai ta daɗe tare da shi a ɗaki ruhe."

"Ta wa ce?"

"Ta Hajiya Sadatu, uwar Ɗankure. Daga ɗakin ajiyarta na Gwadangaji anka ɗebo ta. In dai ba tsohuwar ta sayi babur tana hawa a ɓoye ba, ki gaya man mi ka shan fetur a ɗakin nan."

Ni na miƙe tsaye, na ce mu tafi wurin 'yan sanda yanzu yanzu. Inna ta dube ni.

"Mu kai musu mi? Wari? Wa za ya shiga ɗakin uwar Alhaji bisa maganar mai gumi? Kahin su ɗaura takalmi an tsallaka iyaka da injin. Ku yi shiru, ku duka. Nana, da ke nike."

"Ni? Yaushe nit taɓa magana?"

Washegari Inna ta jawo tulun Malam daga ƙarƙashin gado, ta aika gida gida cewa za ta yi Nariya a kan ɓarawon injin Alhaji. Da yawa suka ba da uzuri, wannan miji ya hana, waccan ciwon kai, domin albasar mazansu tana rumfa tana jiran motar Ɗankure. Duk da haka, da aka ƙirga masu zuwa, har da ni da Nana da ita kanta, mun kai goma sha uku. Na ce alhamdu lillahi, sai a ba biyu haƙuri. Inna ta ba uku haƙuri.

"Inna, mun koma goma. Goma ba ta shiga, huɗu za su rage."

"Na sani."

"To a dawo da ɗaya cikin ukun, ko kuwa ke ki ƙara huɗun bisa naki, wa zai ce wani abu?"

"Malam bai yi haka ba."

"To wa za ta ɗauki ƙoƙo na goma sha ɗaya?"

"Akwai mai shi. Ɗauko gyalenki."

Ana suna a Gwadangaji ranar, kuma kowa ya san Hajiya Sadatu ba ta rasa taro. Tsohuwa ce fara, mai doguwar carbi, wadda in ana addu'a a unguwa ita ake sa wa gaba. Tun da aka yi abin nan take yawo tana faɗin an cuci ɗanta, an saka masa alheri da sata. Muka same ta a kan darduma tsakiyar mata. Inna ta ratsa su da zanenta mai ƙauri, ta gaishe ta gaisuwar girma, ta ɗaga murya yadda har masu tuƙin tuwo za su ji.

"Hajiya, wurinki niz zo. Za mu yi Nariya ranar Alhamis. Mu goma muke, kin kuwa san ba ta rabuwa goma. Saura mutum guda, kuma ba ni son kowa sai wadda anka san bakinta da tsarki."

Hajiya ta ce, "A kan mi, Tamba?"

"A kan ɓarawon injin Alhaji. Ba mu kiran sunan kowa. Allah za mu roƙa shi tona wanda yaɗ ɗauke shi da wanda yaɓ ɓoye shi. In ɗana na, Allah shi ƙara mishi bisa abin da shike ciki. Ke da anka cuci ɗanki, ai ke ya kamata ki zauna gaba."

Mata suka ɗauka, "Wallahi gaskiya ta." "Kai, Tamba ta yi adalci." "Hajiya, ai wannan naki na."

A nan na gane abin da ya sa aka sallami mace ta uku. In Hajiya ta ce a'a a gaban matan nan, kafin magariba duk Gwadangaji ta tambayi kanta me take tsoro. In ta ce to, ta san wanda za ta zauna ta roƙa wa tonon asiri. Ta dubi carbinta.

"In sha Allahu ina zuwa."

"In kuwa jiki ya ƙi, kada ki damu," in ji Inna. "Sai mu ɗauko ƙoƙunan mu taho mu same ki bisa gado."

Ranar Alhamis da hantsi muka shimfiɗa tabarmi a inuwar dogonyaro. Ni da Nana muka zuba wa kowane ƙoƙo ɗari huɗu da huɗu, tulu ya ƙare ƙaf ba saura. Wata mota Fijo ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya ta shigo idonta ja kamar ba ta yi barci ba. Inna ta zaunar da ita daidai gabanta, ta ajiye mata ƙoƙonta. Kusa da ƙoƙon kuma ta ajiye ɗan faifai da shansherar nan da Nana ta kawo. Na ga hancin Hajiya ya motsa. Na ga ta dubi faifan, ta dubi Inna, ta sunkuyar da kai.

Inna ta ɗaga hannu.

"Ya Allah, ga mu goma sha ɗaya, ba wadda tah hi wata. Wanda yaɗ ɗauki injin nan, da wanda yas san inda shike yay yi shiru, ka tona su da rana tsaka. Ka cire albarka daga gonatai da cinikinai. Ka ɗanɗana wa uwatai abin da niɗ ɗanɗana. Ku ce amin."

Muka ce amin. Inna ba ta sauke hannu ba.

"Hajiya, ban ji naki ba."

Da ƙyar ta fito. "Amin."

Aka fara. Ba abin da kake ji sai motsin leɓɓa da ƙarar 'ya'yan tsamiya suna faɗawa tabarma. Inuwa ta yi ta janyewa, zufa ta yi ta zuba. Nana ta fara gamawa, ba mamaki, bakinta ya saba gudu, ta kife ƙoƙonta. Wata ta kife, wata ta kife. Ni ma na kife nawa. Kafin kiran azahar ƙoƙo goma suna kife. Na Hajiya kuwa ko rabi bai yi ba. Ƙwaya ɗaya tana tsakanin yatsunta, ta kasa sakinta.

Da rabon ba daidai ba ne, da sai a ce nata ya fi yawa. Da ana taya juna, da wata mai tausayi ta ja ƙoƙon ta ƙarasa mata, an tashi an sha ruwa, magana ta mutu. Amma kowa ta ga abin da aka zuba wa kowa, kuma ba a magana sai an gama. Mata goma suka zauna shiru, ido ashirin a kan tsohuwa ɗaya. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Ƙwayar ta faɗi daga hannunta, ba da karatu ba.

"Injin shina ɗakina," in ji ta. "Bayan buhunan shanshera, an ruhe shi da tabarma. Cewa yay yi gyara za a yi mishi. Sai da anka ɗaure yaron nig gane. Ɗana na, Tamba. Mi za ni yi?"

Ta fashe da kuka. Ba zan ɓoye ba, har Nana sai da ta share ido. Inna kuwa ko gira ba ta ɗaga ba.

"Kin yi magana, Hajiya. Zama ya ɓaci, sai an sake daga hwarko."

"Tamba, gwiwoyina!" in ji Nana.

"Gwiwoyinki na nan. Safiyatu, tara su ki sake rabawa. Sai dai ɗazu ba mu san suna ba, yanzu mun sani. Da sunanai za mu yi, da sunan uwatai, kuma ita za ta hwara cewa amin." Ta juya ga tsohuwar. "Ko kuwa Hajiya ta tashi yanzu, mu shiga motar nan, ta buɗe ɗakin gaban mai unguwa, tun rana na sama."

Hajiya Sadatu ta dafa ƙasa ta tashi.

Kafin la'asar an fito da inji tsakar titin Gwadangaji, da ƙaiƙayi manne a jikinsa, mai unguwa da liman da rabin unguwa suna kallo. Wani ya kai wa Alhaji labari, ya zo a guje ba rawani, ya ga injin, ya ga uwarsa zaune a dakali.

"Hajiya, kin kashe ni!"

"Kai kak kashe ni, tun ran da kam mai da ɗakina maɓoyar ƙarya," in ji ta.

Ya juyo wurin Inna yana haɗa hannu, yana Inna ki tsaya, Inna mu yi magana a cikin gida. Ba ta ko dube shi ba, ni ta duba.

"Safiyatu, ajiyata."

Na ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, na ce, "Alhaji, matsa baya kaɗan, kana cika muna unguwa da warin fetur."

Wannan karon ba 'yan korensa ne suka yi dariya ba.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya daidaita. Sai da aka yi ta safa da marwa zuwa Sakkwato kafin a saki Kalilu a mayar masa da gonarsa. Ɗankure ko kwana ɗaya bai yi a ɗaure ba. Ya ce yaransa ne suka kai injin can ba da saninsa ba, shaidun nan biyu kuma ƙasa ta haɗiye su. Kalilu ya fito da tari da bai rabu da shi ba har yau, da shirun da ba nasa ba. Wannan shi ne adalcin da aka yi mana, kuma akwai masu cewa mu gode.

Inna ba ta jira adalcin kowa ba. Ranar kasuwa ta farko bayan fitowar Kalilu, ta sa masa farar rigar ubansa, ta riƙe hannunsa, ta bi da shi hanyar da aka bi da shi, rumfa rumfa. Ba ta cikin kasuwar ranar da aka zaga da shi, amma ta bincika, ta san wanda ya yi jifa da wanda ya yi tofi da wanda ya kau da kai. A kowace rumfa sai ta tsaya ta kira mai ita da sunansa.

"Usmanu, ga ɓarawon naku ya dawo. Tashi ka gaishe shi."

Kuma suka tashi suka gaishe shi, manyan maza da gemu, idonsu a ƙasa.

Alhaji ya aiko da rago da buhun shinkafa. Ta ce a mayar masa da ragon, shinkafar kuma a gaya masa ba ta cin abin da ba ta san ɗakin da ya kwana ba. Kuɗinsa bai ƙare ba, ba zan yi ƙarya ba, har yanzu yana loda motoci. Amma daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ba mai kiransa Ɗankure a bayan idonsa, Alhaji Shanshera ake cewa. Hajiya Sadatu ta daina fita taro har ta rasu. Ni nakan ɗan ji tausayinta. Na taɓa faɗa wa Inna haka, ta ce, "Wata nawa tana kwana da warin nan, ɗana na kwana a siminti?" Ban sake ba.

Ƙoƙo na goma sha ɗaya kuwa ba a mayar da abin da ya rage a cikinsa tulu ba. Inna ta ɗaure shi da tsumma ta rataye a ƙusa saman gadonta. Masu zuwa aron tulun Malam sai ta ce musu lambar ba ta cika ba, ragowar na jiran mai su. Ta kuma tabbatar maganar ta kai kunnen Alhaji ta bakin Nana, cewa ranar da ya sake taɓa Kalilu ko gonarsa, ranar za a juye ƙoƙon nan a tulu a sake rabawa, da suna. Tiyonsa yanzu zagaye yake yi mai nisa ta gonar wasu. Bai sake taka ko kunya ɗaya ta Kalilu ba.

Inna ta yi shekaru tana gumi bayan haka, har ƙirjinta ya gaza da hayaƙi. Ana saura kaɗan ta cika ta nuna mini ƙusar da ido. Na sauko da ƙoƙon, ta ɗora hannuna a kai, ta ce, "Kada ki juye shi don wani ya yi miki kuka."

Ranar sadakar uku sai ga Alhaji a zaure, da sabon rawani, yana faɗa wa maza cewa shi da marigayiya sun fahimci juna tun tuni. Ya aiko a tambaye ni ko ta bar wata magana a kansa. Na fito har bakin zaure don kada ɗan aike ya rage wani abu a hanya. Na ce ta bari, ta ce ba ta yafe ba, kuma ƙoƙon yana hannuna.

Yana ɗakina a nan Birnin Kebbi, tulun ma na ɗauko shi. Nana tana da rai, gwiwoyinta ne dai suka ƙara lalacewa, ta ce ko a kwance za ta yi nata rabon. Sauran tara ba za su yi mini wuyar samu ba.